Zancen Dusar Ƙanƙara da Haƙƙin Lokacin Ɗari

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jujjuya dare da rana, Mai kawo damina da kaka da ɗari da bazara, kowane a lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, hunturu ya kama. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya rufe gari, faso ya fara cin dugadugai. A irin wannan lokaci, a majalisun dattawa da fadojin samari wurin shan shayi, kowa yakan zama masanin yanayi. Wannan ya ce ɗarin bana ya fi na bara. Wancan ya fiddo salula ya nuna hoton rairayin Sahara lulluɓe da dusar ƙanƙara, ya rantse saura kaɗan ta iso Damagaram. Wani kuma ya yanke hukunci cewa alamar tashin ƙiyama ce. Ya kamata mu auna wannan zance da ilimi.

Gaskiya ne dusar ƙanƙara ta sauka a Ain Safra ta ƙasar Aljeriya a shekarar 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018. Amma garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1000, a gindin duwatsun Atlas, inda iska mai sanyi da laima ke isowa daga arewa. Haka kuma takan sauka a duwatsun yankin Tabuka a ƙasar Saudiyya. Allah Ya sanya mata sababai biyu: girgije mai ɗauke da ruwa, da sanyi mai daskarar da ruwa tun daga sama har kusa da ƙasa. Mu kuwa a nan kudu, sababan biyu ba su haɗuwa. Lokacin da muke da girgije, wato damina, akwai zafi. Lokacin da muke da sanyi, iskar hunturu busasshiya ce, ƙura take ɗauko mana daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Daren Janairu a Maraɗi ko Tawa ko Yamai yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 16, alhali ruwa ba ya daskarewa sai a sifili. A arewa ne, kamar Bilma da duwatsun Abzin, sanyin dare kan kai sifili. Ƙanƙarar da muka sani, mai faɗowa kamar tsakuwa ta ɓata gero, ta hadarin damina ce, ita ce aka ambata a Suratun Nur, aya ta 43.

Allah Mai iko ne a kan kome, in Ya so Ya saukar da ita a tsakiyar kasuwar Maraɗi babu mai hana Shi. Amma Ya gudanar da halittarSa bisa al'ada da sababai. Don haka duba alamun sama da auna iska, irin aikin ma'aikatar meteyo da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, ba shiga gaibu ba ne. Kirdado ne bisa alama, kamar yadda manomi ke ganin hadari ya haɗo gabas ya ce a kwashe shanya. Abin da shari'a ta hana shi ne jingina ruwa ko sanyi ga wani ba Allah ba. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah (S.A.W.) ya rarrabe tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro, ya nuna na biyun ya kafirce wa Ubangijinsa. Haka nan rantsuwa a kan abin da zai auku gobe, da sanya wa kowane baƙon abu sunan alamar ƙiyama ba tare da nassi ba, magana ce babu sani, kuma Suratul Isra'i, aya ta 36, ta hane mu da ita.

Ya ku bayin Allah, ƙanƙarar da muke gardama a kanta tana nesa, amma ɗarin da za a tambaye mu a kansa yana ƙofar gidajenmu.

Na farko, salla. Ku dubi yadda sahun Asuba ke raguwa a watannin Disamba da Janairu. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa cika alwala a lokacin da rai ke ƙinta yana cikin abubuwan da Allah ke kankare zunubai da su, Ya ɗaukaka darajoji. Babu laifi a ɗumama ruwa. Wanda ya ji tsoron cuta ko ƙaruwarta, kuma bai sami abin ɗumamawa ba, taimama ta halatta gare shi, kamar yadda Amru ɗan Asi (R.A.) ya yi a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (S.A.W.) bai yi masa inkari ba. Amma mai lafiya da ke da itace da tukunya, ƙyuya ba uzuri ba ce.

Na biyu, wuta. Wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (S.A.W.) ya yi umurni da kashe wuta in za a kwanta. Yau sai ka ga an shigar da kaskon garwashi ɗaki, an rufe ƙofa, an toshe taga. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da amai, sannan mai barci ya wuce bai farka ba. Ku fitar da garwashi waje kafin kwanciya, ku nisanta shi daga dangar kara da tabarma da ƙananan yara.

Na uku, lafiya. Ƙura da bushewar iska su ne share fagen sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 1995 da 2015. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, a kai shi likita nan take. In an kira allurar rigakafi, a fito da iyali. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Na huɗu, maƙwabci da almajiri. Mu da muke cikin ɗaki da bargo biyu muna kukan sanyi, yaya yaro ɗan shekara bakwai da ya kwana a zaure ko rumfar kasuwa da riga guda? Uban da ya turo shi za a tambaye shi, malamin da ya karɓe shi za a tambaye shi, unguwar da ya kwana cikinta ma ba ta kuɓuta ba. Akwai gwauruwa mai marayu, akwai tsoho marar mai ɗebo masa itace, akwai ɗan gudun hijira da fitina ta raba da gidansa. Kowane mai gida ya buɗe akwatinsa yau: rigar da ba a sa ba tun bara, da bargon da ke ajiye, suna da masu su. Kwamitin kowane masallaci ya tattara su, ya raba a asirce, ba tare da kunyata kowa ba. Kofin kunu mai zafi da asuba sadaka ce mai girma.

Hadisi ya tabbata cewa tsananin sanyin da muke ji numfashi ne daga zamharirun Jahannama. To, wanda ya tanadi bargo don daren duniya, ya tanadi aiki nagari don daren kabari.

Ya Allah, Ka suturta wanda ba shi da sutura, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka tsare mu daga gobara da annoba, Ka tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba, Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahamatullahi wa barakatuhu.