Kibiyar Zeno da gardamar masu wasan bidiyo

Gardamar ba ta ƙarewa. Mai kwamfutar wasa na taƙama da allon da ke zuba hotuna 240 a sakan guda, mai PlayStation 5 ya ce tasa ma tana kai 120, kuma shi bai sayar da gona ba kafin ya saye ta. Masoya wasan Bloodborne, wanda ya fito a 2015, har yau suna ƙorafin an ɗaure musu shi a kan 30.

Sai dai duk cikin hotunan nan babu mai motsi. Kowanne tsaye yake cik, ido da ƙwaƙwalwa ne ke ɗinke su.

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Zeno, masanin falsafar Girka, ya jefa tambaya irin wannan a kan motsi. A kowane lokaci ƙwaya ɗaya, kibiyar da aka harba tana wuri ɗaya ne tak. To, yaushe ta tafi? Malaman Ash'ariyya, waɗanda aƙidarsu ta daɗe ana karantar da ita a zaurukan ƙasar Hausa, sun biyo ta wata hanyar. Irin su Alƙali Baƙillani, Bamaliken da ya rasu a Bagadaza a 1013, sun tafi a kan cewa siffofi masu bijiro wa jiki, kamar motsi da launi, ba sa wanzuwa lokaci biyu a jere; Allah ne ke sabunta su daki-daki. Imam Gazali ya ƙara da cewa jerin da muke gani kullum, wuta ta taɓa auduga ta ƙone, al'ada ce Allah Ya gudanar. Kamar hotunan allo ke nan, amma misali ne kawai, ba wanda ke kwatanta Mahalicci da na'ura.

Maganar al'ada kuwa ta bayyana a 2012, da Peter Jackson ya fitar da fim ɗin The Hobbit da hotuna 48 a sakan. 'Yan kallo da yawa, da idonsu ya saba da 24 na sinima, suka ce abin ya yi kama da na bogi. An ninka musu hotuna, gaskiyar ta ragu a ganinsu.

A fagen gasa dai mai kwamfuta na da hujja. A kan 30, kowane hoto na ɗaukar kusan kashi 33 cikin dubu na sakan, a kan 240 kuwa kashi 4 kacal, don haka shi zai riga hango abokin karawa.