Nas Mai Goyo da Dutin Dare: Zunubi Ne Ko Lada?

 Ya 'yan'uwana samari, ga wata tambaya da ƙanwata ta yi mini tana kuka.

Ita nas ce, haifaffiyar Ƙanƙara, tana aiki a wani babban asibiti, a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke rai a hannun Allah. Ran nan tana dutin dare, tana kan wani manomi da 'yan bindiga suka harba, an sa masa injin numfashi, sai aka bugo mata waya wajen ƙarfe 2 cewa zazzaɓi ya rufe ɗanta mai shekara 2. Ba ta sami fita ba sai da gari ya waye ta miƙa aiki. Yaro ya warke, amma da ta dawo gida mijin ya ce da ita ta fi son 'ya'yan mutane a kan nata. To, shi ne ta ce mini, "Yaya Malam, don Allah gaya mini gaskiya, Allah zai kama ni?"

Kafin mu amsa, mu san aikin tukuna. A irin wannan ɗaki nas ɗaya majinyaci ɗaya ko biyu take riƙewa, kowace awa sai ta rubuta bugun zuciyarsa da awon jininsa da numfashinsa, in kuwa bututun iska ya toshe, 'yan mintoci kaɗan sun isa mutum ya tafi. Saboda haka ba ta da ikon barin gadon sai wata ta karɓe ta.

Mu kuwa mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san masu cika irin waɗannan gadaje, tun da mu ne ke ɗora su a mota zuwa Katsina ko Shika ko Kano. A watan Janairu na 2025 har cikin Babban Asibitin Ƙanƙara 'yan bindiga suka shiga da dare suka harbi likita. Watau ita ma mai jinyar ranta take sayarwa.

To, amsa. Zunubi dabam, ciwon rai dabam. Zunubi shi ne mutum ya bar wajibi da gangan alhali yana da iko. Ciwon rai kuwa shi ne hakki biyu su haɗu maka a lokaci ɗaya, kai kuma jikinka ɗaya. Ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuma ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. Jinya farali kifaya ce, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Ba kuma baƙon abu ba ne a Musulunci. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) da kibiya, a hemar wata mace aka kwantar da shi, Rufaida, mai jinyar masu rauni a masallacin Madina.

Ban ce babu iyaka ba. In uwa ta kulle yaro a ɗaki ba mai duba shi, ko ta dawo ta hana shi kulawar da take iya ba shi, lalle wannan sakaci ne, ta tuba. Amma ƙanwata a hannun uban yaron ta bar shi. Nan ne maganar ta dawo kanmu.

Ku dubi halinmu, jama'a. In matar ɗayanmu ta zo haihuwa, sai ya tsaya kai da fata shi mace ce za ta duba ta. To, macen nan daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce aka kai makarantar ungozoma ta Malumfashi, matar wani ce, uwar wani ce. Muna son amfaninta, ba mu son ɗaukar nauyinta. Sa'an nan mu ne ke kai yaro yaye wajen kaka, mu ba da shi riƙo, mu tura ɗan shekara 7 almajiranci wani gari, ba wanda ya ce uwarsa ta yar da shi. Sai nas da ta yi dare ɗaya a kan gadon mai mutuwa ce mara imani? Wannan ba adalci ba ne. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cuci uwa ta hanyar ɗanta, gori kuwa cuta ne.

Saboda haka, kai saurayi mai niyyar aure, in ka ga nas kana so, ku gama magana tun kafin a ɗaura. In ka yarda da aikinta, to ka yi alkawari, kada a yi wata 6 ka fara ɗaure fuska. Ka koyi jiƙa tsumma ka sassauta wa yaro zafin jiki, ka san hanyar asibiti, ka shirya da mahaifiyarka ko ƙanwarka wadda za ta kwana da yara ranar duti. Ba ragwantaka ba ce. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labari Manzon Allah (S.A.W.) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, wa ya fi shi mazantaka? In kuwa ta dawo da safe idanu jawur, ka bar ta ta yi barci, kana da rabo a cikin ladan da ta samo.

Abin da na gaya wa ƙanwata ke nan, na kuma je na gaya wa mijinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.