Ladan Kuturu: Ɗan Gari A Bakin Ramin Kamfani

Mai karatu, ɗan ajiye littafin da ke hannunka, yau kai zan saka a cikin labari. Ka ɗauka ka gama jami'a, ka yi bautar ƙasa, shekara huɗu kana yawo da takardu a ambulan har gefensu ya fara cinyewa. Rannan kwatsam sai ga waya. Kamfanin da ya samu lasin haƙar ma'adinai a dutsen bayan garinku yana neman jami'in hulɗa da al'umma, kuma ɗan gari suke so, wanda ya san gidan hakimi da na liman, ya san wace unguwa ce ba ta ga-maciji da wace. Ga albashi mai kauri, ga mota, ga asibiti kyauta kai da iyalinka. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ƙanne sun fara lissafin kuɗin makaranta. Ke ma 'yar'uwa kada ki ce ba da ke ake ba, don akwai zauren da namiji ba ya wucewa, kamfani kuwa yana buƙatar mai shiga cikin gida ta ji ta bakin mata.

To, za ka karɓa? Na san za ka ce wannan ai ba tambaya ba ce. Yi haƙuri tukuna, mu duba aikin.

Mai wannan kujera shi ne bakin kamfani a gari, kuma shi ne kunnensa. Shi ke kiran taro a ƙofar fada, shi ke bin masu awon gonaki ranar ƙidayar itatuwa da amfanin gona don biyan diyya. Idan nakiya ta tsaga bangon wani, ko tirela ta take akuya, ko ƙura ta rufe shanyar barkono, gabansa ake kai ƙara, shi ke rubutawa a littafin koke. Shi ne kuma ke tsara abin da ake kira ayyukan kyautata wa al'umma, irin su rijiyar burtsatse da ajujuwa da tallafin karatu. A Nijeriya abin ba ganin dama ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a riƙa sake duba ta duk bayan shekara 5. A 2011 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ɗora wa kamfanoni nauyin mutunta haƙƙin ɗan Adam da buɗe hanyar karɓar koke. Ka ga ke nan sana'a ce sosai, ana karatunta, ana hawa matakala a cikinta.

Amma tsaya ka tambayi kanka, me kamfani ya gani a jikinka? Masu digiri irin naka sun fi dubu. Abin da ya bambanta ka shi ne idan ka miƙe a taro, dattijo zai ce, "A'a, ai ɗan Malam wane ne, ku saurare shi." Wannan yardar ba kai ka tara ta ba. Kakanka da mahaifinka suka tara ta da zuwa jana'iza da riƙon amana na shekara da shekaru. Ita za ka ɗauka ka kai ofis, a riƙa biyan ka hayarta duk ƙarshen wata. Hausawa kuwa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, suka kuma ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Tambayar da ke gabanmu ita ce: mutum zai iya cin albashin mai haƙa, ya kuma riƙe amanar waɗanda ake haƙa a ƙarƙashin ƙafarsu?

Akwai masu amsa mai sauƙi. Su ce kada ma ka kusanci wurin, dillancin zalunci ne, an ɗauke ka ne ka riƙa shafa wa mutane mai a baki ana kwashe arzikinsu. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ban bi su ba, kuma Zamfara ce dalilina. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Yara kusan 400 suka rasu. Sanadi? Dutsen zinare ne mai ɗauke da dalma, iyaye ke kawo shi gida suna daka da niƙa a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasan da yaro ke rarrafe, ya sa hannu a baki. Can babu wani babban kamfani da za a nuna wa yatsa, talakawa ne ke neman na tuwo. Abin da suka rasa shi ne wanda ya san haɗarin, kuma suka yarda da shi, ya ce musu da harshensu, "Ku fitar da niƙan nan bayan gari, ku jiƙa dutsen, ku wanke jiki ku canza tufa kafin ku ɗauki yaro." Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ankarar da duniya, Bagega kuwa sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Haƙa ba za ta tsaya ba don kai ka ƙi aikin. Idan mai tsoron Allah ya bar kujerar, wanda ba ruwansa ne zai hau.

Akwai kuma ɗaya amsar mai sauƙi, wadda ta fi ta farko haɗari saboda tana da daɗi a zuciya. Ita ce mutum ya ce, "Ni ɗan aike ne, abin da aka ba ni shi na isar, kuma ga shi ta dalilina gari ya samu rijiya biyar." A nan ne nake so mu leƙa arewacin Nijar, garin Arlit, inda kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak kuma ya biyo baya a Akokan a 1978, duka biyun da babban hannun kamfanin Faransa da aka daɗe ana kira Areva, ya koma Orano a 2018. Ba za ka ce kamfanonin ba su yi komai ba. Sun gina gidaje da asibitoci a tsakiyar hamada, har ana yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ya raɗa wa fim ɗinsa na 2005. Amma da ƙungiyar Greenpeace ta je da na'urorin awo a ƙarshen 2009, ta ba da rahoton cewa a wasu titunan Akokan tiririn yuraniyom ya ninka abin da aka saba har kusan sau 500, kuma ana sayar da tsofaffin ƙarafan ma'adinan masu ɗauke da shi a kasuwa. Kamfanin ya kare kansa da cewa yana bin ƙa'ida. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin wurin, ta koma garin da kyamara ta yi fim a 2016 mai suna La Colère dans le vent, wato fushi a cikin iska, inda za ka ji mutanen da kansu suna magana kan ƙura da ciwo. A ƙarshen Maris 2021 aka rufe Cominak, aka bar tsibin dusar ma'adinai ta miliyoyin tan a gefen gari.

Me na ɗauko daga nan? Kyauta daban, bayani daban. Matar da ta sayi ƙarfe a kasuwa ta kai wa maƙeri ya yi mata kayan girki, asibitin kyauta bai biya mata buƙatar da ta fi komai ba, wato a gaya mata abin da ta saya. Rijiya da aji suna da kyau, amma ka tuna a ƙasarmu doka ce ta ɗora su, haƙƙin mutane ne, ba alfarma ba. Ranar da aka miƙa su don a rufe baki, sun tashi daga haƙƙi sun zama toshiya, ko da an yanka ƙyalle an ɗauki hoto. Ɗan aiken da ke kai labari mai daɗi kaɗai, ya ɓoye mai ɗaci a aljihu, ya daina zama ɗan aike, ya shiga cikin masu shirya zancen.

Saƙo kuma hanya biyu yake bi, kada ka manta da wanda ke hawa sama. Misalin da ya fi fito da wannan daga nesa yake, yammacin Ostireliya. A watan Mayu 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa wasu koguna biyu a Juukan, wuraren da bincike ya nuna ɗan Adam ya zauna a cikinsu tun shekara 46,000 da suka wuce, kuma masu tsarki ne a wurin 'yan asalin yankin. Kamfanin yana da izinin gwamnati tun 2013, yana da ma'aikatan hulɗa da al'umma, yana da rahoton masu binciken tarihi na 2014 da ya bayyana darajar wurin. Yana da tsari huɗu na haƙa, uku daga ciki sun kauce wa kogunan, ya zaɓi na huɗun saboda tan miliyan 8 na tama mai kyau, kuma ba a shaida wa masu wurin cewa akwai sauran zaɓi ba. Sanin yana nan cikin kamfani, sai dai bai kai teburin da ake yanke hukunci da ƙarfin da zai hana ba. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar da saukar shugaban kamfanin da wasu manyan jami'ai biyu, ciki har da mai kula da hulɗar kamfanin da jama'a. Ihu bayan hari, koguna dai sun tafi.

Yanzu mu koma kan kuturu da ladansa. Na yarda, ka ci lada dole ka yi aski. Amma mene ne askin? Wanzamin da ya ga maruru a ƙeya ya rufe shi da hula don kada mai kai ya ɓata rai, bai yi aikin da aka biya shi ba. Abin da kamfani ke bin ka shi ne aiki na gaskiya: ka zo kan lokaci, kada ka ci kuɗin rijiya, kada ka cusa 'yan gidanku cikin jerin masu diyya, kada ka zuga matasa su tare hanya don a ce kai kaɗai ke iya kashe wutar. Ƙarya ba ta cikin bashin. Hasali ma mafi tsadar hidimar da za ka yi wa manaja ita ce ka shiga ofishinsa ka ce, "Ranka ya daɗe, maƙabartar nan ba za su yarda a taɓa ta ba, kuma gaskiyarsu ce." Idan ya ji, ka cece shi daga irin ta Juukan.

Shi ya sa idan za ka karɓi aikin, ka yi tambayoyinka tun ranar ganawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wa zan riƙa kai wa rahoto, mai yanke hukunci ne ko mai buga talla? Idan an auna ruwa da ƙura, za a karanta wa mutane sakamakon? Yarjejeniyar da aka sa wa hannu, za a fassara ta da Hausa a karanta a bainar jama'a, ko tsakanin kamfani da fada za ta tsaya? Wannan ta ƙarshen ka riƙe ta da kyau, don sau da yawa matar da ke ɗebo ruwa a rafi da makiyayin da burtalinsa ya bi ta wurin ba sa cikin masu sa hannu, alhali su ne kura da shan bugu. Yadda aka amsa maka zai nuna ko kunne ake nema ko lasifika.

Duk da haka ba zan yaudare ka ba, wata rana za ta iya zuwa. Sakamakon awon rafi yana kan teburinka, ka karanta ka gane, aka ce ka je taro ka ce komai lafiya, "a jira bincike na biyu". A gida akwai baki takwas da ke jiran albashinka. Ni da nake zaune ina rubutu, ba ni da bakin ce maka abin mai sauƙi ne. A fim, jarumi zai jefa makullin mota a kan tebur, a saka kiɗa, ya fita. A zahiri da sauran matakai kafin nan: ka rubuta ƙin yardarka a takarda, ka hau da ita sama, ka nemi a kawo tankar ruwa a hana shan rafin kafin binciken ya fito, in ta kama a sanar da hukumar muhalli. Mafi yawan alherin wannan sana'a a irin waɗannan ƙananan dagewar yake, waɗanda ba mai tafa maka. Amma idan duk ƙofofi sun rufe, ya rage sai dai ka miƙe gaban mutanen da suka goya ka ka ce su ci gaba da sha, to nan ne iyaka. Babu albashin da ya kai nan.

Ka kuma tuna, kowane rami yana da ranar ƙarewa. Je ka Filato ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu haƙar sun daɗe da tafiya. Manaja zai hau jirgi, injiniya zai koma wani dutsen, a kwance allon kamfani. Kai kuwa a garin za ka tsufa, a masallacin za ka yi sahu da mutumin da ka ce wa ruwan lafiya lau ne, kuma jikokinsa da naka rijiya ɗaya za su ɗiba.

To mai karatu, waya tana hannunka, suna jiran amsa. In ka ga za ka iya ɗaukar saƙo mai ɗaci zuwa fada da zuwa ofis duka, karɓi aikin, garinku na buƙatar irinka a wurin. In kuwa ka san idonka mai saurin jin kunya ne, bar wa wani. Allah Ya ba mu abin da za mu iya riƙewa.