GADAR DA TA KWANA DA HARBI A CINYA



Wani bawan Allah daga Birchi, maharbi ɗan maharbi, ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce ya fita da adakarsa bayan la'asar, gab da magariba ya hangi gada a gefen wani kwazazzabo, ya yi bisimilla ya sakar mata wuta. Harbin ya same ta a cinya, ta faɗi, ta tashi tana jan ƙafa ta shige duhuwa. Ya bi jini har duhu ya hana shi gani, ya koma gida. Da sassafe ya dawo ya tarar da ita a mace, ta sandare. Ya ɗauko, iyali suka ci, ya sayar wa maƙwabcinsa ƙafa ɗaya. Yanzu zuciyarsa ta ƙi kwanciya: halal ya ci ko mushe?

Kafin in amsa sai na tambaye shi: me ka ɗura wa bindigar? Ya yi dariya ya ce, "Malam, abin da aka samu. Guntayen ƙarfe ne da 'yan ƙwallayen keke, albarushin ma na rage saboda tsada." To a nan matsalar take, kuma a kanta nake son mu tsaya yau.

Farauta halal ce, babu mai ja. Ku duba farkon Suratul Ma'ida, aya ta 4 da kuma ta 94 zuwa 96. Amma aya ta 3 ta wannan surar, wadda ta lissafo abubuwan da aka haramta ci, ta sa bugaggiyar dabba a cikinsu, wato wadda nauyin duka ya kashe ba tare da an huda ta jini ya zuba ba. Sahabi Adiyyu bin Hatim, wanda mutanensa mafarauta ne, ya tambayi Annabi (SAW) game da wani makami mai kama da sanda mai tsini da ake jifa da shi. Amsar da aka ba shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ta raba abin biyu: in tsinin ya huda, a ci, in gefen sandar ne ya buge ta ta mutu, bugaggiya ce, kada a ci. Kun ga ke nan tun wancan lokacin Shari'a ta sa ido a kan makamin kansa. Bisimilla kaɗai ba ta wadatar ba.

Akwai wani hadisin da ya fi wannan kusa da maganarmu, na Abdullahi bin Mugaffal. Annabi (SAW) ya hana harbi da tsakuwa da yatsu, kuma ya faɗi dalili: ba ta kashe abin farauta, ba ta illata maƙiyi, iyakarta ta fasa ido ko ta karya haƙori. Ku lura, rashin ƙarfin makamin ne ya sa aka hana shi. Abin da ba zai gama aiki ba, sai dai ya bar rauni, ba a yarda a ɗaga shi ba. Iyaye masu barin yara da danƙo suna karya fukafukan tsuntsaye don wasa, wannan ta shafe ku, amma ba ita ce maganar yau ba.

Bindiga fa? Ba a san ta ba a zamanin Imam Malik. Dasuƙi, a hashiyarsa a kan sharhin Dardir, ya ambata cewa magabata ba su bar nassi a kan harbi da dalma ba, domin albarushi ya bayyana ne a tsakiyar ƙarni na 8 na Hijira. Malaman baya suka saɓa. Wasu suka hana, suna kwatanta ta da ƙwallon yumɓu da ake harbawa. Wasu kuma, irin su Ibn Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi, suka halatta. Hujjarsu? Dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana kashewa da sauri. Fatawar da muke ci da ita ke nan har yau. To ɗan'uwa, in saurin kashewa ne ya halatta maka bindiga, ina matsayin bindigar da ka rage wa albarushi, ka cusa mata tarkace, ta watsa su a cinyar dabba, dabbar ta kwana tana ciwo har ranta ya fita? Ka riƙe fatawar, amma ka jefar da dalilinta.

Abin da zai ba ku mamaki, waɗanda ba su karanta Dasuƙi ba sun iso wannan wurin ta tasu hanyar. A Ingila, dokar farautar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewarsu da bindigar da faɗin harsashinta bai kai inci 0.240 ba, wato milimita 6 da 'yar ɗoriya, kuma ta sa mafi ƙarancin ƙarfin da harsashin zai fita da shi. A Amurka kowace jiha da nata ma'aunin. Kolorado ta ce kada a gaza milimita 6 ga manyan namun daji. Ohayo kuwa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonaki da gidaje kusa da kusa, sai ta bi ta ɗaya gefen: tun 2014 ta yarda a harbi barewa da wani nau'in harsashi mai miƙaƙƙen kwanso wanda ba ya cin dogon zango. Iyaka biyu ke nan. Ta ƙasa don kada a azabtar da dabba, ta sama don kada harsashi ya wuce dabba ya sami mutum. Ban kawo su don su zame mana hujja ba. Na kawo su ne don mai cewa "ai wannan tsanani ne na malamai" ya ga cewa ko mai neman nama kawai, in ya yi tunani, nan zai tsaya.

Mu a Najeriya dokarmu ta fi kula da iyakar sama. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Kashin farko haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a ciki an ambaci bindigogin soja da girman harsashinsu: milimita 7.62, milimita 9, inci 0.300 da inci 0.303. AK-47 harsashinta 7.62 ne, saboda haka babu wani "na ajiye ta don farauta". Kashi na biyu su ne irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin adakar ɗan'uwanmu, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha da yardar Gwamna. Dokar ta kuma ce ba a ba yaron da bai kai shekara 17 lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Ku gaya mini, wanne daga cikin waɗannan malamin fiƙihu zai ce zalunci ne?

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. "Malam, kana maganar lasisi, alhali waɗanda ke Dajin Rugu ba su nemi lasisin kowa ba." Gaskiya ne, kuma ni ma a wannan ƙasar nake kwana. Mutanen Kurfi, Safana, Batsari, Ɗanmusa da Dutsin-Ma ba sa bukatar a ba su labarin abin da 7.62 ke yi wa jikin ɗan Adam. Kare kai da iyali haƙƙi ne, kuma gwamnati ce ke da nauyin farko a wuyanta, Allah zai tambaye ta. Amma wannan babi ne daban, yana da nasa tsari, shi ya sa aka kafa rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina a 2023. Kada a cakuɗa shi da farauta. Dajin da kakanninmu ke shiga da kwari da baka da ganga su fito da barewa da gwanki, yau wanda aka gani a cikinsa da bindiga, ba a fara tambayarsa ko maharbi ne.

Ba a dajinmu kaɗai ba. Mun tuna Uromi ta Jihar Edo, ƙarshen Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na azumi: mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigoginsu na gargajiya a mota, aka kashe su kisan gilla. Allah Ya jiƙansu. Laifin yana kan waɗanda suka kashe su, babu uzurin da zai wanke shi, kuma takarda ba ta hana azzalumi zalunci. Sai dai abin ya nuna mana zamanin da muke ciki. Maharbin da Sarkin Baka ya san shi, mai gari ya san shi, ofishin 'yan sanda na da sunansa da bindigarsa, yana da masu tsaya masa ranar da aka tuhume shi. Biyayya ga hukuma a abin da ba saɓon Allah ba ne, kuma akwai maslahar jama'a a ciki, wajibi ce, ba sai an ga dama ba.

Sai farautar dare da cocila. Mutum ya ga ido biyu suna ƙyalli ya danna kunama. Ko a fiƙihu, dole ka san abin da kake harbi kuma ka nufe shi. Idon nan zai iya zama na akuyar wani, zai iya zama yaro ya fito kewayawa. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ɗan'uwa. Zomo nawa za ka kama ka biya?

Mu dawo kan gadar Birchi. A mazhabarmu, dabbar da ta ɓace maka har ta kwana sannan ka same ta a mace, mashahurin zance shi ne ba a ci. Mai Risala ya kawo sauƙi ga wanda ya tarar da kibiyarsa a makasa, wato wurin da in an huda babu sauran rayuwa. Akwai kuma hadisai ingantattu da suka ba da damar ci bayan kwana ɗaya ko fiye, matuƙar babu wata alama a jikinta sai ta makaminka, kuma wasu malamai sun yi aiki da su. Amma naka harbin a cinya ya tsaya, cinya kuwa ba makasa ba ce. Dabba ta yi tafiya da ƙafafunta, ta kwana a daji, ba ka san abin da ya ƙarasa ta ba. Abin da na gamsu da shi: bai kamata a ci ba. Wanda kuka ci cikin rashin sani, ka nemi gafarar Allah, kada ka tsananta wa kanka tunda akwai saɓani. Kuɗin ƙafar da ka sayar kuwa, ka mayar wa maƙwabcinka, ka gaya masa gaskiya.

Gaba kuma, ka ɗura dalma ta gaske da albarushin da ya kai, gwargwadon girman dabbar. Ka matsa kusa, ka auna bayan kafaɗa. In rana ta yi ƙasa har ba za ka iya bin sawu ba, ka bar ta ta wuce. Wuƙarka ta kasance a ƙugu, wasassa, domin in ka cim mata da sauran rai yanka ya wajaba, in kuwa ta mutu kana laluben wuƙa a ƙasan jaka, sakacinka ya haramta maka ita. Ka kuma je ka bincika matsayin takardar bindigarka a ofishin 'yan sanda na Kurfi kafin fita ta gaba.

Wallahu a'alam.