AMANAR ƘIDAYA: LISSAFI NA JAMA'A NE, SUNA NA MAI SHI NE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, kowace shekara ranar 18 ga watan Nuwamba ma'aikatan ƙididdiga na ƙasashen Afirka suna bikin ranar sana'arsu, wadda aka tsayar tun shekarar 1990. Mafi yawanmu ba mu san da wannan rana ba, alhali kuwa babu gidan da aikinsu bai shiga ba. Su ne masu sallama a ƙofar gida da takarda a hannu, ko da ƴar na'ura a yanzu, suna tambayar maigida: mutum nawa ke kwana a nan, mata nawa, yara nawa, wa ya rasu bana, mece ce sana'a, ina ake ɗebo ruwa. To, tambayarmu a yau ita ce: wannan bayani da mutum ya faɗa a zaurensa, da zarar ya shiga takardar gwamnati, na wane ne? Kuma ina iyakar abin da hukuma za ta iya yi da shi?

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Shugaba ba ya iya yin adalci ga mutanen da bai san yawansu ba. Ƙasarmu Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977 da 1988 da 2001 da 2012. Ta farko ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya, ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa ta haura miliyan 17, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa su ne suka fi kowace jiha yawan jama'a. Da irin wannan lissafi ake sanin inda za a gina aji, da yawan allurar rigakafin da za a sayo, da buhunan hatsin da za a kai wa yankin da damina ta yi gardama. Ƙidaya kuma tana da asali a wurinmu. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi umarni a rubuta masa waɗanda suka shiga Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Bayansa Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato kundin sunayen masu rabo a baitulmali.

Amma duk da haka talaka yana tsoron mai ƙidaya, kuma tsoronsa yana da dalili. A zamanin mulkin Faransa ana ƙidaya kawuna ne domin lanho, ana ƙidaya dabbobi domin jangali, ana rubuta samari domin soja da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka hana shi da doka. Shi ya sa kakanninmu suke ɓoye yara a rumbu, suke kora shanu daji idan an ji labarin mai rubutu yana tafe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau akwai dattijon da in ka tambaye shi yawan awakinsa, sai ya rage rabi.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi wa ƙidaya mummunan amfani ba. A ƙasar Holan, kafin Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta tsara rajistar jama'a mai kyau ƙwarai, har da addinin kowane mutum, da nufin sauƙaƙa aikin mulki. Da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar a 1940, wannan rajista tana cikin abubuwan da suka sauƙaƙa musu farautar Yahudawa, aka kashe kimanin kashi 75 cikin 100 na Yahudawan ƙasar. A Amurka, a 1942, ofishin ƙidaya ya bai wa soja bayanin unguwannin da ƴan asalin Japan suke zaune, aka kwashe mutum kimanin 120,000 aka tsare su a sansanoni, mafi yawansu ƴan ƙasa ne haifaffu. A Ruwanda, katin shaida mai ɗauke da ƙabilar mutum, wanda Turawan Beljiyam suka shigo da shi a shekarun 1930, shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya lokacin kisan 1994. Abin lura a nan shi ne, mai rubuta sunan da mai kisan sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Takarda tana daɗewa fiye da gwamnatin da ta rubuta ta, kuma ba ta san hannun da zai buɗe ta gobe ba.

Saboda irin waɗannan darussa ne masu wannan sana'a suka ɗaure kansu da ƙa'idoji. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta duniya, wadda aka kafa a 1885, ta fitar da sanarwar ladubban aiki a 1985. A 1994 Kwamitin Ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 10, Babban Zauren Majalisar kuma ya tabbatar da su a 2014. Ƙa'ida ta 6 ta tsayar da cewa bayanin mutum ɗaya da aka karɓa domin ƙididdiga sirri ne, kuma ba za a yi aiki da shi ba sai domin ƙididdigar. Shugabannin Afirka sun amince da tasu yarjejeniyar a Adis Ababa a 2009. A nan gida, dokar 2004 ce ta kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, a Yamai, a 2017 kuma aka yi dokar kare bayanan mutane.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin sunanta a wurinmu amana. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i tana umarni da mayar da amanoni ga masu su, aya ta 12 a Suratul Hujurat tana hana bin diddigin asirin mutane. Malamai sun bayyana cewa zance ma amana ne idan mai shi ya nuna ba ya son ya fita. Mutumin da ya ajiye maka kuɗi domin sayen iri, ba ka da ikon sayen tufa da su, ko da tufar tana da amfani. Haka bayanin da aka ba ka domin lissafi, ba ka da ikon miƙa shi ga mai karɓar haraji, ko ɗan siyasa mai neman sanin gidajen da ba nasa ba, ko ɗan kasuwa mai neman masu saye. Abin sha'awa kuma, Huzaifan nan da ya ruwaito hadisin ƙidaya shi ne aka sani da ma'ajin sirrin Manzon Allah, domin shi aka gaya wa sunayen munafukai. Masu tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar, yana halifa, ya tambaye shi ko akwai ɗayansu cikin ma'aikatansa. Huzaifa ya ce akwai mutum ɗaya. Da aka nemi suna, sai ya ƙi faɗa. Ya ba da adadi, ya riƙe suna, kuma wanda ya tambaye shi shi ne shugaban Musulmi gaba ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa: to, idan maganar tsaro ce fa? Ƙasa tana cikin fitina, hukuma tana neman masu laifi, ga kuma kundi a ajiye mai sunan kowa da mazauninsa. Shin ba maslaha ba ce a buɗe shi? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu uku ce. Ta farko, an karɓi bayanin ne bisa alkawari, kuma alkawarin hukuma ga talaka bai fi na talaka ga hukuma sauƙi ba. Ta biyu, mai bincike yana da hanyoyinsa, da alƙali da shaidu da hujja, waɗanda ke bin mutum ɗaya da ake tuhuma. Kundin ƙidaya kuwa, in an buɗe shi, yakan jefa unguwa ko ƙabila gaba ɗaya cikin zargi, kamar yadda aka gani a Amurka, inda gwamnati da kanta ta nemi gafara ta kuma amince da biyan diyya a 1988. Ta uku, ranar da aka karya wannan alkawari, ranar gaskiya za ta daina fita daga bakin jama'a. Kowa zai rage ƴaƴansa, ya ɓoye ciwonsa, sai lissafi ya lalace, sai a gina asibiti inda babu mutane a bar inda suke. Kawar da ɓarna mai ɗorewa yana gaba da jawo amfani na yini ɗaya.

Sai dai a wannan zamani na kwamfuta, goge suna kaɗai ba ya isa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Latanya Sweeney, ta nuna a shekarar 2000 cewa ana iya gane kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka da abu uku kawai: lambar gidan wayar unguwa, da jinsi, da ranar haihuwa. Mu kawo misalin kusa. A ce an buga jadawalin wani ƙaramin ƙauye, aka nuna akwai mace ɗaya mai shekara 19, bazawara, mai ɗauke da wata cuta. Ba a rubuta suna ba, amma duk ƙauyen sun san ta. Saboda haka ma'aikatan kirki suke haɗa ƙananan garuruwa wuri ɗaya kafin su buga, suke faɗin shekaru rukuni-rukuni, suke rufe gurbin da adadinsa ya yi kaɗan. A ƙidayar 2020 Amurka ta ɗauki dabarar sanya ɗan ƙari ko ragi da gangan a lissafin ƙananan wurare domin kada a gane mutum, abin da ya jawo muhawara mai zafi tsakanin masana, domin duk abin da aka ƙara wa sutura an rage shi daga daidaito. Neman tsakiyar nan aiki ne na ilimi, kuma aiki ne na tsoron Allah.

Amanar tana da fuska ta biyu, wadda ake yawan mantawa. Kamar yadda suna yake na mai shi, haka jimilla take ta jama'a. Ma'aikacin da ya ɓoye yawan yara masu tamowa, ko ya ƙara wa yankinsu mutane domin kujeru da kasafi, ya ɓoye shaida, kuma aya ta 283 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi mai tsanani a kan haka. Wannan tsayuwa tana da tsada. Andreas Georgiou, wanda ya shugabanci hukumar ƙididdigar ƙasar Girka daga 2010 zuwa 2015, ya bayyana cewa giɓin kasafin ƙasar na 2009 ya kai kashi 15.4 cikin 100 na arzikinta, fiye da yadda aka faɗa a da. Ya shafe shekaru yana zarya a kotu, ƙungiyoyin masana ƙididdiga na duniya suna mara masa baya, sai a 2023 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an tauye masa haƙƙinsa na shari'a mai adalci.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori uku. Kai matashi da aka ɗauka aikin ƙidaya, ka sani abin da ka ji a gidan mutane ba na hirar shayi ba ne, ba na matarka ba ne, ba na waya ba ne, ko da an gama aiki an biya ka. Kai shugaba, da mai gari da sarkin kanto da malamin ofis, kada ka nemi abin da doka da addini suka rufe, kada kuma ka matsa wa ma'aikaci ya canza adadi. Kai kuma maigida, ka tambayi mai zuwa takardar shaidarsa, in ka tabbatar da shi ka faɗa masa gaskiya, domin yaron da ka ɓoye shi ne wanda ba za a tanadar wa benci a makaranta ba. Muna roƙon limamai su bayyana wa jama'a wannan a huɗuba duk lokacin da ƙidaya ta ƙarato.

Allah ya sa mu cikin masu tsare amanarsu da alkawarinsu, ya rufa asirinmu duniya da lahira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.