Mas'alar Kundi: Ɓoye Shi ko Ba da Aronsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwana almajiri, ya kai fatake, ga mas'ala: mutumin da ya mallaki kundi, shin ya fi dacewa ya ɓoye shi don kada ya ɓata, ko kuwa ya ba da aronsa alhali yana tsoron kada ya dawo da giɓi?

Kafin jawabi, dubi yadda magabatanmu suka yi kundi, domin jawabin yana cikin ƙirarsa. Ka sani, Allah Ya datar da mu, ba su ɗinke littafi ba. Warƙoƙi ne a sake, ɗaya bisa ɗaya. A ƙasan shafi marubuci yakan sa kalmar da za ta buɗe warƙa mai zuwa, don in iska ta watsa su a iya jera su. Sai a sa su tsakanin tadarishi biyu, a naɗe da fata, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka. Fatar akuya ce, majemi ya jeme ta da bagaruwa, aka rina ta da karan dafi, baduku ya yanka ya ɗinka. Irin wannan fatar ta jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara, har mutanen Turai suka yi bangon littattafansu da ita suna kiranta fatar Maroko. Takarda kuwa, a ƙarni na 19 da yawanta daga Italiya take zuwa Kano ta hanyar Tarabulus. In ka ɗaga ta a rana za ka ga jinjirin wata uku a jikinta.

To, mutanen da suka iya ɗinkin sirdi da taguwa, ɗinkin takarda ne zai gagare su? Sun bar ta a sake, kuma barin ya haifar da alheri: takarda tana da tsada, littafi ɗaya ne, masu nema da yawa. Malam ya ba wannan warƙa goma, ya ba wancan goma, kowa ya kwafa ya mayar. Da haka littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka iso zaurukan ƙasar Dutse hannu da hannu. Littafin da ba zare a jikinsa, amana ce ke riƙe da shi.

In ka ce: na ba da aro, an dawo mini da shi babu warƙa uku, sai in ce: kukanka gaskiya ne, wanda ya yi maka haka ya ci amana. Amma ka auna ɓarna biyu. Kundin da aka kulle a adaka shekara ashirin, gara ba ta neman izini, ɗigar damina ma haka. Ranar da mai shi ya kwanta dama, magada su raba shi kamar buhun gero, wannan ya ɗauki farko, wancan ƙarshe, babu wanda ya amfana. A Tambutu, cikin Janairun 2013, 'yan bindiga sun ƙona dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba. Wanda yake da kwafi a wani gari ya tsira. Wanda yake shi kaɗai ya tafi ke nan. Mai aro yakan ɓatar da warƙa uku, rowa takan ɓatar da littafi duka.

Sai dai abin da ke cikin kundi iri biyu ne, kada ka gwama hukuncinsu.

Na farko ilmi: mas'alolin fiƙihu, da ma'anar kalmomi da malaminka ya faɗa ka rubuta a gefen shafi. Wannan ajiya ce a hannunka. Hana mai nemansa, alhali ya cancanta, yana kusa da ɓoye ilmi, wanda shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani a kansa. A yau kuma uzuri ya ragu. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, na'urar kwafi ta yawaita a gari, wayar hannu kuma tana ɗaukar hoton shafi. Ka zaunar da mai nema a zaurenka a Takur, ya ɗauki abin da yake bukata, kundinka bai fita ƙofa ba.

Na biyu lissafin fatake: wane ya karɓi dabino bashi, wane ya ci buhu biyu a kasuwar Shuwarin sai kaka. Rubuta shi umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Amma wannan shafi ba na aro ba ne, domin asirin bayin Allah ne a ciki. Ka rubuta shi a fili yadda shaidu da magadanka za su gane, ka rufe shi ga 'yan kasuwa. Wanda ya biya, ka soke sunansa nan take, kada 'ya'yanka su bi shi bashin da ya riga ya sauke.

Kai kuma mai aro, sharuɗɗanka huɗu ne: ka ƙirga warƙoƙi gaban mai su, ka yanke ranar mayarwa, kada ka ba wani ba da izini ba, in ka ga kuskure ka gaya wa mai shi kafin ka sa alƙalami. Ka sani warƙa ɗaya da ka riƙe takan rufe ƙofar malam ga almajirai ɗari da za su zo bayanka, alhakinsu kuwa yana wuyanka.

Allah Ya sa mu cikin masu bayarwa da masu mayarwa, Ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta, da iyayenmu da malamanmu. Amin.

Tammat bi hamdillahi.