Labarin Zuciya A Tambayi Fuska? Darasi Daga Mawaƙan Ƙyale-ƙyale Na Ingila

Mai karatu, Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To idan fuskar an shafe ta da hoda da jan-baki, an zana mata hoton walƙiya tun daga goshi har zuwa kunci fa, wa za a tambaya? Wannan tambaya nake so mu tauna ni da kai a wannan wata, domin ta shafi duk mai kallon fim da duk mai karatun littafi, tunda kullum muna yanke wa mutane hukunci daga kamannin da aka nuna mana. Zan bi da kai ta Ingila, wurin wasu mawaƙa da suka mayar da kwalliya sana'a, masu salon kiɗan da Turawa ke kira glam rock, wato a Hausance kiɗan ƙyale-ƙyale.

Abin ya faro ne a watan Maris na 1971. Wani mawaƙi mai suna Marc Bolan, jagoran ƙungiyar T. Rex, ya fito a shirin Top of the Pops na talabijin ɗin BBC sanye da kayan satin masu sheƙi, an barbaɗa masa garin ƙyalli a ƙarƙashin idanu. A wancan zamani yayin mawaƙa shi ne wandon jins da ya koɗe, da gemu buzu-buzu, da nuna cewa su ba ruwansu da ado. Lokacin kuma talabijin mai kala ta fara shiga gidaje, don haka ƙyallin ya sami inda zai haska. Waƙar da ya rera, Hot Love, ta yi mako shida tana kan gaba a Birtaniya, kuma kafin ka ce kwabo yara maza da mata sun bazama neman garin ƙyalli da takalma masu tudun ƙasa, waɗanda ke ƙara wa mutum tsawo kamar ya hau turmi.

Su wane ne waɗannan mutane? Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne. Bolan, wanda sunansa na yanka Mark Feld, ɗan direban babbar mota ne daga gabashin Landan. 'Yan ƙungiyar Slade daga yankin masana'antu na Wolverhampton suka fito, kuma mawaƙinsu Noddy Holder shi ne mai doguwar hular nan da aka liƙe da madubai, wadda ke watsa haske cikin 'yan kallo. Mick Ronson, makaɗin jitar David Bowie, aikin lambu yake yi wa hukumar birnin Hull kafin a kira shi. Ƙasar ma a lokacin ba ta cikin walwala. Masu haƙar kwal sun yi yajin aiki a 1972 har aka riƙa ɗauke wuta, a farkon 1974 kuma gwamnati ta taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana uku a mako. Cikin wannan duhu ne ɗan talaka ya sa rigar azurfa ya hau dandamali.

Wanda ya kai abin ƙoli shi ne David Bowie. A 1972 ya ƙirƙiri wani mutum na ƙage mai suna Ziggy Stardust, wai mawaƙi ne ɗan aiken wata duniya. Ya rina gashinsa ja, ya aske gira, daga baya ya riƙa sa kayan da wani gwanin ɗinki ɗan Japan, Kansai Yamamoto, ya tsara masa bisa salon wasan kwaikwayon gargajiyar ƙasarsu. Hoton walƙiyar da na ambata kuwa a bangon faifansa na 1973 yake, mai suna Aladdin Sane.

Tun a lokacin aka fara zargin su da abu biyu. Na farko, cewa sun rushe katangar da ke tsakanin shigar maza da ta mata. Iyaye da yawa a Ingila sun yi tir da wannan, kuma na san kai ma mai yiwuwa ka yamutsa fuska tun daga sakin layi na biyu. Ba na ce ka je ka sayo jan-baki ba, kowace al'umma da iyakar da ta shata wa kanta a kan sutura. Zargi na biyu ne ya fi damuna: wai duk abin nasu ƙarya ce, mawaƙin gaskiya shi ne wanda ya fito yadda Allah ya yi shi.

Bari mu auna wannan magana. Mece ce ƙarya? Ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba da nufin a yarda da kai. To akwai wanda ya taɓa zaton Bowie daga sama ya faɗo? Babu. Kwalliyar tasa ta yi yawan da ita da kanta take shelar cewa wasa ake yi. Kamar ɗan fim ne da ya fito a matsayin sarki: ba wanda zai kai shi kotu don ya yi sojan gona, domin da shi da mai kallo sun san sharaɗin da ke tsakaninsu. Sutura da ta gaya maka cewa ita sutura ce ba ta yaudare ka ba.

Dubi kuma abin da ya faru da waɗanda suka ce su ne masu gaskiya. A 1976 'yan salon punk suka taso da yagaggun riguna da fil-fil a jiki, suna cewa sun gaji da ƙarya. Amma kayan da ƙungiyar Sex Pistols ke sawa daga kantin Vivienne Westwood da Malcolm McLaren suke a titin King's Road, wato ita ma yagar tsara ta aka yi. Shi McLaren ɗin ma ya taɓa riƙe ragamar New York Dolls, ƙungiyar 'yan ƙyale-ƙyale ta Amurka. Ba a jima ba kwalliya ta dawo ta gidan rawa na Blitz a Landan wajen 1979, inda irin su Boy George suka fito. A shekarun 1980 ta tsallaka Los Anjelis, ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Poison suka tayar da gashi sama kamar sheƙar shamuwa, suka matse cikin wandon fata. A Japan kuma X Japan suka gina nasu salon a kai. Sai ga Nirvana a 1991 da rigunan gwanjo da gashi ba taza, aka ce to yanzu kam gaskiya ta zo. Shekara guda bayan haka wani mai tsara tufafi, Marc Jacobs, ya kwaikwayi wannan shiga ta gwanjo da yadi mai tsada ya baje ta a dandalin nuna kaya na birnin New York. Ka ga ke nan rashin kwalliyar ma kwalliya ce, bambancin kawai ita ba ta faɗin sunanta.

Labarin ƙungiyar Kiss ya ƙara fito da abin fili. Shekara goma suna waƙa da fuska a shafe da fenti fari da baƙi, ba su yarda a ɗauki hotonsu haka nan ba. A 1983 suka wanke fuska a tashar MTV, a 1996 kuma suka mayar da fentin. Wace ce fuskarsu ta gaskiya a wurin masoyansu? Wadda suka zana.

To shi ke nan babu aibi? Akwai, har biyu, kuma duka ba a jikin yadin suke ba.

Na farko yana kan mai sa kayan. Bowie da bakinsa ya sha faɗa daga baya cewa Ziggy ya nemi ya haɗiye shi, ya kai har yana zuwa hira da 'yan jarida a matsayin Ziggy, ya kasa gane inda wasan ya tsaya. Ranar 3 ga Yuli, 1973, a zauren Hammersmith Odeon na Landan, ya sanar a kan dandamali cewa wannan ne wasan ƙarshe. Biyu daga cikin makaɗansa, mai ganga da mai jitar bes, a nan suka fara jin labarin cewa aikinsu ya ƙare, a gaban dubban mutane. Wannan ba laifin jan gashi ba ne, laifin mutumin da ya shagala da tatsuniyarsa ne har ya manta abokan tafiyarsa mutane ne masu iyali. Bayan nan ya faɗa shan hodar iblis a Los Anjelis, sai da ya gudu Balin a 1976 ya koma yawo da kaya irin na kowa kafin ya dawo hayyacinsa. Wanda ya ari riga, lallai ya riƙa tuna inda ya rataye tasa.

Na biyu yana kanmu masu kallo, kuma ya fi muni. Gary Glitter, wanda sunansa na gaskiya Paul Gadd, yana cikin taurarin da yara suka fi so a farkon shekarun 1970, da kayansa na azurfa da barkwancinsa. A 1999 kotu ta ɗaure shi kan hotunan batsa na ƙananan yara, a 2006 aka ɗaure shi a Biyetnam kan lalata da yara, a 2015 kuma kotun Landan ta yanke masa shekara 16 kan ta'asar da ya yi wa 'yan mata ƙanana tun a zamanin tashensa. Wani zai ce ai ga shi nan, dama kayan sun nuna. A'a. Mutane da dama sun sa irin waɗannan kaya ba su cuci ɗan kowa ba, kuma masu irin laifinsa da yawa da kwat da lakataye suke yawo. Abin da ya ba shi dama shi ne shahara, da yadda jama'a suka ɗauki fara'ar dandamali a matsayin shaidar hali. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yau kayan da aka yi wa tofin Allah-tsine sun zama kayan tarihi. Fim ɗin Velvet Goldmine na 1998, wanda Todd Haynes ya ba da umarni, ya sake raya zamanin, har mai tsara tufafinsa Sandy Powell ta ci kyautar BAFTA. A 2013 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya baje kolin kayan Bowie, mutum fiye da 300,000 suka je kallo. A 2021 ƙungiyar Måneskin ta Italiya ta ci gasar Eurovision cikin kayan fata da kwalli raɗau, babu wanda ya razana. Bolan ya rasu a haɗarin mota a 1977, Bowie ya bi shi a 2016. Rigunan sun fi masu su tsawon kwana.

Yanzu dawo gida, mai karatu. Sau nawa ka ji an zagi ɗan wasanmu a kasuwa don ya fito a boka ko mugun miji? Sau nawa kuma aka saki jiki da wani don kullum a fim shi ne mai dogon carbi da nasiha? Kuskure ɗaya ne muke yi ta fuska biyu. Sutura tana gaya maka abin da mutum yake so ka gani, wani lokaci har da abin da yake mafarkin zama, kamar ɗan direban nan da ya ga kansa tauraro. Amma ba ta gaya maka yadda yake biyan yaran aikinsa, ko yadda yake yi da wanda ya fi ƙarfi idan an rufe ƙofa. Wannan labari, idan kana son sa, ka tambayi mai ganga da mai jitar bes.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.